Cimar Kare a Zangon Kumasi: Ɗanye, Dafaffe Ko Na Buhu?

Tun zamanin da kakanninmu suka biyo hanyar Gwanja da jakunansu suna neman goro, har yaƙin Salaga na 1892 ya watsa fatake, wasu daga cikinsu suka gangaro ƙasar Tonawa suka kafa gidaje, kare bai taɓa zama abin ado ba a wurin mutumin zango, iyakarsa gadi ko farauta, cimarsa kuwa ɗan abin da ya saura a gindin tukunya da ƙashin da mahauci ya jefar. Amma zamani riga ne, domin yanzu, daga Aboabo zuwa Asawase, daga garejojin Suame zuwa sababbin gidajen bayan gari, ana samun masu dukiya da samari waɗanda suka sayi manyan karnuka irin na Jamus da na Afirka ta Kudu da kuɗi masu nauyi saboda tsaro, har muhawara ta tashi a tsakaninsu kan abin da ya dace a ba dabbar: ɗanyen nama daga mayanka, ko busasshen abincin nan na kamfani da ake sayarwa cikin buhu.

Kafin a shiga wannan mas'ala, wajibi ne a san matsayin kare a wurin malamanmu. Ya tabbata a hadisi cewa wanda ya ajiye kare ba don farauta ko kiwo ko noma ba, ana rage masa lada kowace rana, kuma a kan haka Ibn Abi Zaid ya tafi a cikin Risala, littafin da almajiran zango ke karantawa a fagen fiƙihu. Sai dai masu sharhi sun hakaito cewa shi kansa Shehin, da katangar gidansa ta faɗi a Ƙairawan ya ji tsoro, kare ya ajiye, kuma malamai da dama sun yi ƙiyasin gadin gida a kan gadin gona idan lalura ta kama. A mazhabar Imamu Malik kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sa baki ibada ce da aka umarce mu da ita. Abin da babu saɓani a cikinsa shi ne, duk dabbar da mutum ya tsare, ya hana ta fita neman abin da za ta ci, to ciyar da ita ya zama haƙƙi a wuyansa, kuma za a tambaye shi.

Abincin buhu ba tsohon abu ba ne a duniya. Wajen shekarar 1860 ne wani Ba'amurke mazaunin Landan, James Spratt, ya fara toya wa karnuka biskit na alkama da nama yana sayarwa, sa'an nan a 1957 kamfanin Purina na Amurka ya fito da irin ƙwayoyin nan busassu da aka sani yau, waɗanda ake dafa hatsi da garin nama da mai a inji mai tsananin zafi, a matso su, a busar, a ƙara musu sinadaran da jiki ke bukata. Da abin ya game ƙasashen Turawa sai aka sami masu inkari, mafi shahara a cikinsu wani likitan dabbobi ne na Ostireliya, Ian Billinghurst, wanda ya wallafa littafi a 1993 yana kira da a koma ga ɗanyen nama da ɗanyen ƙashi, bisa hujjar cewa kare jikan kyarkeci ne, kyarkeci kuwa bai san murhu ba.

Hujjar tana da daɗin ji, amma idan aka ɗora ta a mizani sai a tarar ba ta cika ba. A 2013 masu bincike na jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin suka bayyana cewa kare, saboda dubban shekarun da ya yi yana zaune gefen tukunyar ɗan Adam, halittarsa ta sami ikon narkar da hatsi fiye da na kyarkeci nesa ba kusa ba, wato karen da kakanninmu suka raina da tuwo ba zaluntarsa suka yi ba. Ban da wannan, kyarkeci idan ya kama dabba yakan ci tsoka da kayan ciki da ƙashi da fata gaba ɗaya, alhali mai kare a gari tsoka zalla yakan saya, ita kuwa tsoka tana da yawan sinadarin fosforas da ƙarancin kalsiyam, wanda shi ne ginshiƙin ƙashi. Shi ya sa za ka ga kwikwiyo mai tsada, ana ta ɗura masa nama, amma ƙafafunsa sun lanƙwashe, yana tafiya kamar mai ciwon sanyi, mai shi yana ɗora laifi a kan sammu ko a kan wanda ya sayar masa.

Babbar illar ɗanyen nama a wurinmu kuwa ta wuce kan kare, ta faɗo kan mutanen gida. Nama a zafin Kumasi da laimarta ba ya jimawa, balle idan wuta ta ɗauke firji ya huce, sai ƙwayoyin cuta irin su salmonela su hayayyafa a cikinsa. Kare yana iya cinye su bai ko yi atishawa ba, amma ya riƙa fitar da su a kashinsa da bakinsa, a tsakar gidan da ɗakuna goma ke tarayya a cikinsa, inda yara ke rarrafe, mata ke shanya, dattawa ke ajiye butar alwala. Saboda irin wannan ne ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta fitar da matsaya a 2012 tana gargaɗin mutane da su guji ba karnuka da kyanwoyi naman da bai ga wuta ba, su da ba su san yankewar lantarki irin tamu ba.

Akwai kuma wata cuta wadda ya kamata kowane mahauci da kowane mai layya ya san ta. Wani lokaci idan aka feɗe rago ko sa, akan tarar da wasu ƙulli masu ruwa, kamar ƙananan salka, a jikin hanta ko huhu, sai mai fiɗa ya yanke wurin ya jefa wa kare, yana ganin ya yi tsafta kuma ya yi sadaka. Alhali kuwa waɗannan ƙulli gidan 'ya'yan wata tsutsar ciki ne, wadda ba ta girma sai a hanjin kare. Idan ta girma ta yi ƙwai, ƙwan ya fita cikin kashi ya manne a gashinsa da ƙasa da ganye, tumaki su ci, mutum ma ya haɗiya ta hanyar hannu marar wanki, sai irin ƙullin nan ya tsiro a hantarsa ko huhunsa, ya yi shekaru yana girma a ɓoye, har sai an kai ga fiɗar likita. A babbar mayankar Kumasi da ke Kaase akwai ma'aikatan da aikinsu shi ne duba nama su ware marar kyau, amma ranar Babbar Salla kowane gida mayanka ne, babu mai dubawa sai tsoron Allah. Abin da ka ƙi ci don ka ga aibi a jikinsa, binne shi da zurfi ko ƙona shi, kada ka ba kare.

To, shin wannan yana nufin buhu ya tsira daga zargi? Ko kaɗan. Falalarsa ita ce, idan na kirki ne, an auna sinadaransa daidai da shekarun kare, ya dahu, ba ya bukatar firji. Aibinsa na farko tsada, domin mafi yawansa daga waje ake shigo da shi, duk ranar da sidi ya faɗi sai farashinsa ya tashi. Na biyu, ba kowane kamfani ne mai amana ba: a 2007 dabbobi masu yawa sun mutu a Amurka saboda an gauraya wani sinadari mai suna melamin cikin kayan haɗin da aka kawo daga Sin. Na uku, wanda ya fi shafarmu, shi ne fumfuna, domin masara da gyaɗa idan suka sha laima sukan haifar da dafin da ake kira afalatoksin, mai lalata hanta, kare kuwa ba ya jure masa. Saboda haka buhun da aka buɗe a kasuwa ana aunawa da gwangwani, babu suna babu ranar ƙarewa, abin gudu ne, araha kuwa ba ta ado. Wanda ya saya ya duba kwanan wata, ya ɗora shi bisa katako, ya rufe bakinsa, in ya ji warin fumfuna ya zubar.

Mafi alherin al'amura tsaka-tsakinsu. Wanda Allah ya hore masa, ya sayi na buhu mai kyau, musamman ga kwikwiyo mai tasowa da karya mai shayarwa. Wanda bai da hali, tukunyarsa ta isa: shinkafa ko tuwon masara ko doya, da nama ko kifi ko ƙwai, da 'yar hanta lafiyayya jefi-jefi, da kabewa ko ganye, a tafasa su har su nuna ciki da waje, a ƙara garin ɓawon ƙwai kaɗan saboda ƙashi, gwargwadon yadda likitan dabbobi ya ƙayyade. A ɗebi rabonsa kafin a sa albasa da tafarnuwa da barkono, domin albasa da tafarnuwa suna fasa masa jini, kuma dafaffen ƙashin kaza yakan tsage ya huda hanji. Abin mamaki, albarkatu biyu da ƙasar nan ke alfahari da su, wato goron da ya kawo kakanninmu da kokon da ake yin cakulan da shi, dukansu guba ne ga kare. Ruwa mai tsabta kuwa kada ya yanke a kaskonsa dare da rana.

Cima ba ta wadatarwa ga barin magani. Ma'aikatar kula da lafiyar dabbobi tana da ofisoshi a Kumasi, jami'ar KNUST ma tana da makarantar likitancin dabbobi, sai a kai kare a ba shi maganin tsutsa a kan lokaci, a yi masa allurar ciwon hauka, cutar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare.

Mun karanta a Bukhari da Muslim labarin mutumin da ya sauka rijiya, ya cika huffinsa da ruwa, ya riƙe shi da baki ya hauro, ya shayar da kare mai lallagen ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Wancan kare ba nasa ba ne, a hanya ya tsince shi, bai taɓa yi masa gadin ko dare ɗaya ba. Ina ga wanda ka ɗaure da hannunka a ƙofar gidanka, yana kwana ido biyu domin kai da iyalinka ku yi barci?