Ostireliya: Yadda magina ke ceto juna daga kashe kai

A wuraren gine-gine da dama a Ostireliya, za ka ga wasu ma'aikata da koriyar alama manne a hular kwanonsu. Alamar na nuna cewa mai hular ya samu horon sauraron abokin aikin da damuwa ta yi wa katutu, tare da haɗa shi da ƙwararru.

Ƙungiyar MATES in Construction ce ta ɓullo da tsarin. An kafa ta a jihar Queensland a 2008, bayan an lura da yawan maginan da ke hallaka kansu. Ta taɓa bayyana cewa kashe kai na lakume rayukan ma'aikatan gini fiye da haɗurran wurin aiki ninki shida.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Aikin na kwangila ne, ana gamawa sai a koma neman wani. Ga doguwar rana a bakin aiki, ga ciwon jiki, ga nisa da iyali. Uwa-uba, yawancinsu maza ne da suka taso da ganin cewa namiji ba ya kokawa.

Shi ya sa ƙungiyar ba ta jiran magini ya kai kansa asibiti. Tana bin su har wurin aiki, ta koya musu gane alamu: mai fara'a ya koma shiru, ko yawan fushi da shaye-shaye. Sai kuma su tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa.

A 2017 Birtaniya ma ta samu irin wannan ƙungiya, Mates in Mind.