Tayi da Sallama: Yadda Ake Bambance Saye da Sayarwa a Kasuwar Hannayen Jari

Kowane ciniki da ya faɗa a kasuwar hannayen jari yana da mai saye da mai sayarwa, saboda haka idan masana suka kira wani ciniki "na saye" ko "na sayarwa", abin da suke nufi shi ne ɓangaren da ya ƙosa har ya bar farashinsa ya bi na abokin cinikinsa. Wannan ba baƙon abu ba ne ga wanda ya san kasuwar Tudun Wada ta Zariya, inda mai hatsi ke yanka kuɗi, mai saye ya taya ƙasa da haka, a yi ta albarka har sai ɗaya ya ƙara ko ɗayan ya sallama.

Kasuwar hannayen jari ta Nijeriya, wadda aka kafa a Legas a 1960, ta kuma buɗe reshe a Kaduna a 1978, ta koma ciniki ta kwamfuta a 1999, kuma na'urar tana jera tayin masu saye a gefe guda, farashin masu sayarwa a ɗaya gefen. Sai dai bayanan da kasuwanni suka saba fitarwa farashi ne da adadi da lokaci, ba tare da bayyana wanda ya ƙosa ba, don haka dole a yi kirdado.

Hanyar da ta fi shahara ita ce wadda Charles Lee da Mark Ready suka wallafa a Amurka a 1991, wadda ke farawa da gano tsakiyar farashin biyu. Idan tayi mafi tsoka naira 49 ne, farashin sallamawa mafi sauƙi kuma naira 51, to tsakiya ita ce 50, kuma cinikin da ya faɗa sama da ita na saye ne, domin mai saye ne ya hau, wanda ya faɗa ƙasa da ita kuwa na sayarwa ne. Idan ya faɗa daidai tsakiya, sai a gwada shi da cinikin da ya gabace shi: in farashi ya ɗaga, saye ne, in ya sauka, sayarwa ce, in bai motsa ba a koma ga canjin ƙarshe da aka gani.

Amfanin rarrabewar shi ne auna inda matsi ya karkata, domin rinjayen masu ƙosawar saye yakan tura farashi sama. Amma binciken da aka yi da bayanan kasuwar New York ya nuna hanyar tana dacewa ne a kimanin kashi 85 cikin 100, kuma ta fi kuskure a cinikin da ya faɗa tsakiya. Saboda haka mai zuba jari ya sani cewa lakabin "saye" gaggawar ɗan kasuwa yake nunawa, darajar kamfani kuwa sai a littattafan asusunsa ake gano ta.