Malam Takalmi: Ba'amurken Da Ya Zauna Potiskum Domin Harsunan Yobe

A cikin shekarar 1969, tun yaƙin basasa bai ƙare ba, kuma ana ciniki da fam da sule, wani saurayi Ba'amurke wanda bai kai shekara talatin ba ya sauka a garin Potiskum. A wancan lokaci babu Jihar Yobe, garin yana cikin Jihar Arewa maso Gabas mai hedkwata a Maiduguri. Saurayin nan bai zo gina hanya ba, bai zo sayen gyaɗa ko fata ba, ba kuma ma'aikacin gwamnati ba ne. Abin da ya kawo shi daga Kalifoniya shi ne ya koyi harshen Ngizim, ya rubuta nahawunsa.

Sunansa Russell Schuh. Da yake ma'anar kalmar Schuh a harshen Jamus ita ce takalmi, sai Hausawa suka huta da murɗa harshe, suka riƙa kiransa Malam Takalmi, shi kuwa ya amsa har ƙarshen ransa. Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, da Ɗan Hausa aka san shi, gidansa ma har yanzu Gidan Ɗan Hausa ake ce masa. Paul Newman, mai babban littafin nahawun Hausa, shi ne Malam Sabo. Jama'a kan laƙa wa kowane Bature suna, wani don zolaya, wani don tsoro, amma sunan da ya zo da "Malam" a gaba, na wanda aka zauna da shi a tabarma ɗaya ne.

An haifi Schuh a Jihar Oregon ta Amurka a 1941. Potiskum ba ita ce farkon zamansa a Afirka ba. Daga 1965 zuwa 1967 ya yi aikin sa kai a Jumhuriyar Nijar a ƙarƙashin ƙungiyar Peace Corps, inda ya yi aikin yaƙi da jahilci cikin Buzanci a yankin Agadas. Watau ya iso Potiskum ne da Hausa a bakinsa, kuma ya riga ya san zafin bazara da ƙurar hunturu.

Mai karatu zai iya tambaya, me ya sa Potiskum? Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar shanun garin ba zai yi wannan tambaya ba. Kasuwa ce da ake lissafa ta cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Bafillace ya koro garkensa, Shuwa ya zo da nasa, Babarbare na nan, fatake sun jera manyan motoci suna jiran lodi zuwa Kudu, dillali kuwa yana tsakiya yana juya harshe daga wannan zuwa wancan. A kasuwar hatsi ga gero da dawa da wake daga ƙauyukan Nangere da Fika. Garin kansa mazaunin Ngizim ne da Karai-Karai, sa'an nan a 1924 aka dawo da fadar Sarkin Fika nan, Bolewa suka ƙaru. In ka nufi Nangere, ƙasar masarautar Tikau, Karai-Karai ne suka fi yawa. In ka yi kudu ka sami Ngamo. In ka yi arewa wajen Gashuwa ka tarar da Bade da Duwai. Harsuna shida ke nan a ɗan yanki guda, dukkansu kuwa 'yan'uwan Hausa ne, domin masana sun sa su cikin zuriya ɗaya da suke kira harsunan Cadi. Ga mai nazarin harshe, wannan wuri kamar rijiya ce a bakin ƙofa.

Sai dai irin wannan aiki ba ya yiwuwa daga bariki. Yawancin Turawan da suka zauna Arewa a zamanin mulkinsu, da ma bayansa, a unguwarsu suke, kuku ya dafa, boyi ya je kasuwa, da yamma a haɗu a kulob. Wani sai ya yi shekara goma bai san kuɗin mudun gero ba. Wanda yake son rubuta ƙamus kuwa tilas ya san sunan kowace irin dawa, da sunan kowane launin saniya, da kalmar da mai saye ke faɗa in ya taya, da wadda mai kaya ke faɗa in ya ce albarka. Tilas ya zauna a ji tatsuniya da dare, ya halarci suna da aure, ya iya gaisuwar ta'aziyya, ya haƙura yara su yi masa dariya in ya karya murya a inda bai kamata ba, zama waɗannan harsuna, kamar Hausa, hawa da saukar murya na sauya ma'anar kalma. Baƙon da bai ji daɗin zama da mutane ba ba zai jure wannan ba.

Schuh ya jure. Ya zauna Potiskum har cikin 1970, ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjelis ya sami digirin dakta a 1972 da nazarin ginin jimlar Ngizim. Bai daɗe ba ya komo. Daga 1973 zuwa 1975 ya yi aiki da Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Kano, yawancin lokacin yana Gashuwa a kan Badanci. A 1981 ƙamusunsa na Ngizim ya fito. Daga baya ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, a lokacin ne kuma ya soma nazarin harshen Miya na Jihar Bauchi, wanda nahawunsa ya fito a 1998.

Wani abin sha'awa da ya bi diddiginsa shi ne yawan kalmomin Barbarci a cikin Ngizim da Bade. Wannan shaida ce ta ɗaruruwan shekarun da daular Barno ta yi tana iko da wannan yanki, lokacin da Barbarci ne harshen fada da na malamai. Yau Hausa ce ta gaji wannan matsayi, kuma ta wuce inda Barbarci ya tsaya, domin ta shiga har cikin ɗaki. A Potiskum yara da yawa kan tashi da Hausa kaɗai, kaka ta yi magana da harshen gida, jika ya amsa da Hausa. Bai kamata Bahaushe ya ji wannan ya yi alfahari kawai ba. Harshen da ya mutu yakan tafi da waƙoƙinsa da kirarinsa da sunayen itatuwan magani, kuma ba a sayo su a kanti.

A ɓangaren Hausa ma Malam Takalmi bai zauna haka nan ba. Ya yi nazarin karin waƙoƙin Hausa, rubutattu da na baka. A shekarun 1990 kuma, shi da Abdullahi Bature suka shirya darussan bidiyo masu suna Hausar Baka domin ɗaliban ƙasashen waje. An ɗauki hotunan ne a Kano, cikin gidaje da kasuwanni da tituna, don ɗalibin da ke Amurka ya ga yadda ake gaisuwa da ciniki da idonsa, ba a takarda kaɗai ba.

Babban aikin da mutanen Yobe za su fi tunawa da shi ya soma ne a 2001, shekara goma bayan an ƙirƙiro jihar. Shi da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri, Bolewa ne ya haife shi, kuma ya yi karatun dakta a wurin Schuh, suka kafa shirin nazarin harsunan Yobe da kuɗin hukumar kimiyya ta Amurka. Potiskum ce cibiyar aikin. Schuh yana zuwa yana komawa har 2009. Aka tara masu harsunan kansu, malaman makaranta da ma'aikata da dattawa, suka tattara kalmomi da tatsuniyoyi da karin magana da waƙoƙi. Ƙamusoshin farko sun fito a 2004, aka sake buga su da ƙari a 2009, kowace kalma da fassararta cikin Ingilishi da Hausa.

Abu biyu sun cancanci a lura da su a nan. Na ɗaya, a Potiskum aka buga littattafan, a maɗaba'ar Ajami, ba a London ko Amurka ba, inda tsadarsu za ta fi ƙarfin malamin firamare na Nangere. Na biyu, sunayen 'yan ƙasa ne a bango a matsayin marubuta, Schuh kuwa ya tsaya a matsayin edita. Masana da yawa sun zo Afirka sun kwashi ilmi a bakin mutane, suka tafi suka yi suna, wanda ya ba su bai ko ga littafin ba.

Bayan 2009 zamani ya juya. Rikicin Boko Haram ya game Arewa maso Gabas, a watan Mayu na 2012 kuma 'yan bindiga suka afka wa kasuwar shanun Potiskum suka kashe mutane da dama. Shekaru suka shuɗe baƙo daga waje ba ya iya zama a yankin yadda aka saba a da. Schuh ya ci gaba da aikin daga nesa, babban ƙamusun Bolanci nasu shi da Gimba ya fito a Amurka, sa'an nan ya rasu a watan Nuwamba na 2016 yana da shekara 75. Littafinsa na ƙarshe a kan harsunan Cadi, Malam Sabo ne ya kammala shirya shi, ya fito a 2017.