Tantance Sahihi da Ƙarya Game da Kayan Sarrafa Ƙananan Injunan CNC

Tun da ƙananan injunan sassaƙa waɗanda kwamfuta ke jagoranta, wato CNC, suka sauko daga manyan masana'antu har suka kai hannun kafintoci da masu rubutun alluna da matasa masu sha'awar ƙira, maganganu suka yawaita a kan kayan da ke motsa su, wannan ya ji daga wancan ya isar ba tare da tahƙiƙi ba, har mai niyyar saye ya rasa wadda zai riƙa. Saboda haka ya kyautu a ɗauki mas'alolin ɗaya bayan ɗaya a auna su da hujja, domin dukiyar da ake zubawa ta gumi ce, kuma tozarta ta abin ƙi ne.

A sani tun farko cewa abubuwa huɗu ne ke haɗuwa: allon sarrafawa, wanda ke karanta umarni ya mai da shi bugun lantarki, direba, wanda ke karɓar bugun ya tura wuta, moto mai taku, wanda galibi sai ya yi taku 200 yake cika kewaye guda, da akwatin wuta mai ciyar da su duka.

Ana cewa lambar NEMA ita ce ma'aunin ƙarfin moto, kuma mafi girma shi ne mafifici. Wannan batili ne, domin lambar faɗin fuskar moto kawai take nunawa: NEMA 17 kimanin milimita 42, NEMA 23 kimanin milimita 57. Ƙarfin murɗar da ake rubutawa a takarda kuwa na moto ne yana tsaye, kuma da zarar ya ɗauki gudu sai ƙarfin ya riƙa raguwa, har ta yiwu babban moto mai yawan naɗin waya ya gaza a gudun da matsakaici ke ja ba wahala.

Ana kuma cewa moton da aka rubuta masa bolt 3 zai ƙone in an ba direbansa bolt 24 ko 48. Shubuhar ta taso ne daga rashin sanin aikin direba, wanda yake datse wuta yana sake ta sau dubbai a daƙiƙa domin kada abin da ke gudana ya wuce ampiyan da aka ƙayyade masa. Shi kuwa matsin wuta mai yawa fa'idarsa ita ce ya cusa wutar cikin naɗin da hanzari, moto ya riƙe ƙarfinsa a guje. Sharaɗi dai kada a ƙetare haddin direban: A4988 iyakarsa bolt 35, DRV8825 bolt 45, DM542 bolt 50.

Mas'alar da ta fi ruɗarwa ita ce ta raba taku, inda ake zaton wanda ya raba taku guda gida 16 ya ninka daidaiton aikinsa sau 16. Gaskiyar da ke ciki ita ce rabawar tana kawo laushin tafiya, ta rage ƙara da karkarwa, kuma wannan alheri ne babba. Amma ƙarfin da ke tsayar da moto a kan ɗan guntun taku ɗaya daga 16 bai wuce kimanin kashi 10 cikin ɗari na cikakken ƙarfinsa ba, ga kuskuren ƙirar moton kansa da sakwarkwacewar ƙarafan injin, waɗanda babu rabon da zai gyara su. Ƙari a kan haka, rabon yana cin gudu. Wanda ya raba gida 16 a kan sandar zare mai tafiyar milimita 5 a kewaye yana bukatar bugu 640 ga kowace milimita, kuma allon da iyakarsa bugu 30,000 a daƙiƙa ba zai wuce kusan milimita 2,800 a minti ba.

Wasu suna raina allon Arduino Uno mai manhajar GRBL, wadda Simen Svale Skogsrud ɗan ƙasar Norwe ya fara rubutawa a 2009, suna cewa abin wasan yara ne, alhali kuwa yana tafiyar da injin ta fuskoki uku cikin aminci, kuma ya wadatar ga sassaƙar katako. Mai bukatar fiye da haka sai ya nemi manhajar grblHAL ko FluidNC ko LinuxCNC. Haka nan zancen cewa igiyar da ke mai da USB tsohuwar kafar firinta za ta tafiyar da manhajar Mach3 ƙarya ce tsagwaronta, domin bugun yana bukatar lokaci ƙayyadadde wanda igiyar ba ta iya kiyayewa, sai dai a sa allo na musamman irin UC100 ko SmoothStepper.

Maganganu biyu kuwa sun tabbata. Wanda ya zare wayar moto alhali direba yana da wuta, lalle yana iya halaka direban nan take. Kuma moto mai taku, in aiki ya fi ƙarfinsa, yakan ɓatar da taku allon bai sani ba, kamar ɗan aiken da ba ya dawowa da amsa. Maganinsa a rage gudu da zurfin yanka, ko a sayi mai na'urar ƙirga juyi a bayansa. Game da zafi kuwa, ɗumin da hannu ba ya jurewa al'ada ce ga moto, amma direba ya kyautu a sa masa fanka a kuma tsare shi daga ƙurar katako.

Ya kai mai niyyar saye, fara da auna nauyin injinka da gudun da kake bukata, ka zaɓi moto a kan haka, sannan direban da ya ɗauki ampiyansa, sannan akwatin wuta, allon sarrafawa ya zo a ƙarshe. Kuma kada ka biya kuɗi sai ka karanta takardar bayanin kowane ɗaya da idonka.