3.4 Dokar Ɗorewar Karsashin Juyi: Misalin Duniya da Wata

A wannan sashe za a yi bayani a kan dokar ɗorewar karsashin juyi, sannan a duba yadda take aiki tsakanin Duniya da Wata.

Abin da ake nufi da karsashin juyi shi ne yawan juyin da ke tattare da abu mai kewayawa. Ana samun sa ta hanyar ninka abubuwa uku: nauyin abin, da saurinsa, da kuma nisansa daga cibiyar da yake kewayawa. Dokar ta nuna cewa muddin babu wani ƙarfin murɗa da ya shigo daga waje, to jimillar karsashin ba ta raguwa, ba ta kuma ƙaruwa. Alal misali, idan aka ɗaure dutse da igiya, aka zura igiyar ta cikin bututu ana wulwula shi, sannan aka ja ta har tsawonta ya koma rabi, to saurin dutsen zai ninka biyu.

Haka lamarin yake a sararin samaniya. Ƙarfin jan Wata shi ke haddasa cika da janyewar ruwan teku. Gogayyar wannan ruwa da ƙasan teku tana rage saurin juyawar Duniya, ta yadda tsawon yini ke ƙaruwa da kimanin kashi 2 cikin 1,000 na sakan a duk shekara 100. Tambaya a nan ita ce, ina karsashin da Duniya ta rasa ya tafi? Amsar ita ce bai salwanta ba, Wata ne ya karɓe shi. Wannan ne ya sa da'irar da Wata ke bi take ƙara faɗi.

An tabbatar da haka ta hanyar awo. A shekarar 1969, 'yan sama-jannatin Amurka na kumbon Apollo 11 sun ajiye wani madubi na musamman a kan Wata. Ana harba hasken leza daga Duniya, ya bugi madubin ya dawo cikin kimanin sakan 2.5. Daga wannan lokaci ne ake lissafa nisan, wanda matsakaicinsa ya kai kilomita 384,400. Awon ya nuna cewa Wata na ƙara nisa da kimanin santimita 3.8 a kowace shekara.

Bisa ga haka, ba za a iya bayyana tsawaitar yini da nisantar Wata a rarrabe ba, domin asarar ɗaya ita ce ribar ɗayan.