Alama da Sakamako: Yadda Dabbobi ke Koyo a Fadamun Miga

Masana halayyar dabbobi sun kasa koyo ta hanyar alama gida biyu. Kashi na farko ya samo asali ne daga binciken Ivan Pavlov (1849–1936), masanin ƙasar Rasha, wanda ya nuna cewa idan aka riƙa jiyar da kare wani sauti gab da ba shi abinci, a kwana a tashi sautin kaɗai zai sa yawunsa ya tsinke. A nan alamar tana sanar da abin da ke tafe ne, ko dabbar ta yi wani aiki ko ba ta yi ba.

Kashi na biyu kuwa ya danganci sakamakon aiki. A shekarar 1898, Edward Thorndike na Amurka ya kulle kyanwoyi cikin akwatuna, ya lura cewa motsin da ya buɗe musu ƙofa shi suke maimaitawa. B. F. Skinner ya faɗaɗa wannan fage a 1938 ta gwaji da ɓeraye. A wannan kashin, alama tana nuna wa dabba lokacin da aikinta zai biya.

Shanun huɗa a gonakin Miga misali ne mai kyau. Manomi yakan daga murya, sannan ya ja igiyar hanci. Da zarar sa ya juya sai ya sassauta. Wannan sassauci shi ne ladan juyawar, muryar kuma ta zama manuniya, har ya kai ga ita kaɗai ta wadatar. Amma in aka ci gaba da ja bayan ya juya, san ba zai gane aikin da ke kawo masa sauƙi ba.

Darasin ya fi tsanani game da jan-baki, tsuntsun da ke yi wa shinkafa ɓarna a kwarin Kogin Haɗeja. Madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) sun sauya yanayin kwararar ruwa, kacala ta mamaye fadamu, ta zama mafakar tsuntsayen. Manoma kan kafa mutum-mutumi, su rataya gwangwanaye, amma ba a jimawa tsuntsu ke sabawa. Gwajin Robert Rescorla na 1968 ya haska dalili: alama ba ta da tasiri sai ta zamo mai hasashen abin da zai biyo baya. Gwangwanin da iska ke kaɗawa dare da rana, ba tare da wata cutarwa ba, ba ya sanar da tsuntsu komai.

Saboda haka, ƙarar da mai tsaron gona ya yi daidai lokacin saukar tsuntsaye, ya kuma bi ta da jifan majajjawa, ta fi daɗewa tana aiki. Haka nan sauya wa mutum-mutumi wuri da kama yakan jinkirta sabo. Ingancin alama yana ga cika alkawarinta. Da zarar ta saba ƙarya, dabba takan daina kula ta, manomi kuma ya yi asarar amfaninsa.