Na'urar Shawara a Ɗakin Duba Marasa Lafiya: Abin da Karɓarta Ke Buƙata a Rano da Kibiya

Tsarin taimaka wa ma'aikacin lafiya yanke shawara manhaja ce da ake sanyawa a kwamfuta ko a wayar hannu, wadda ke karɓar bayanan majinyaci, kamar shekarunsa da nauyinsa da zafin jikinsa da alamomin da ya zo da su, ta gwada su da ƙa'idojin likitanci da aka zuba mata, sannan ta nuna cutar da ake zato da maganin da ya dace da adadinsa. Ana danganta farkon irin wannan aiki da shekarun 1970, lokacin da aka gwada kwamfuta wajen tantance ciwon ciki mai tsanani a birnin Lids na Ingila, aka kuma ƙirƙiro manhajar MYCIN a Jami'ar Stanford ta Amurka domin zaɓen maganin cututtukan jini. Waɗannan an yi su ne domin likitoci a manyan asibitoci, alhali inda buƙatar ta fi tsanani a yau shi ne ƙaramin asibitin karkara da babu likita a cikinsa.

A ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, kamar sauran kudancin Jihar Kano, mafi yawan masu duba marasa lafiya a asibitocin sha-ka-tafi jami'an lafiyar al'umma ne, kuma sun daɗe suna aiki da shawara rubutacciya tun kafin zuwan na'ura. Akwai littafin ƙa'idojin aiki da suke kira Standing Orders, wanda ya fayyace abin da aka yarje wa jami'i ya yi da kansa da abin da dole ya tura gaba, akwai kuma jadawalin duba yara 'yan ƙasa da shekara 5 da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a tsakiyar shekarun 1990. Jadawalin ya tanadi a fara neman alamomin haɗari, wato kasa shan nono ko ruwa, da amayar da duk abin da aka ci, da jijjiga, da rashin kuzari ko fita hayyaci. Sannan a ƙirga numfashi na minti ɗaya cif, domin numfashi 50 ko fiye ga yaro ɗan wata 2 zuwa 11, ko 40 ga wanda ya cika shekara, alama ce ta ciwon huhu, a kuma auna damtse da ɗan tef mai launi, wanda idan ya gaza santimita 11.5 yana nuna tamowa mai tsanani. Ƙa'idojin suna da kyau ƙwarai, sai dai jami'in da layi ya cika masa ɗaki yakan tsallake wasu matakan, ya tsaya kan ƙorafin da uwa ta fara faɗa, kuma wannan giɓin ne manhajar ke son cikewa, tun da ba ta barin a wuce tambaya sai an amsa ta, ita ce kuma ke lissafa adadin magani bisa nauyin yaro.

Misali mafi kusa shi ne manhajar ALMANACH, wadda ƙungiyar agaji ta Red Cross ta ƙasa da ƙasa da wata cibiyar binciken lafiya ta ƙasar Suwizalan suka fara gwadawa a Jihar Adamawa a 2016, aka faɗaɗa ta zuwa asibitoci fiye da 400, daga baya kuma aka miƙa ragamarta ga hukumar lafiya matakin farko ta jihar. A Burkina Faso ma ƙungiyar Terre des hommes ta yi makamancin wannan aiki tare da ma'aikatar lafiya. Babbar fa'idar da ake nema a irin waɗannan wurare ita ce rage rubuta maganin kashe ƙwayoyin cuta ba bisa dalili ba, domin yaron da mura kawai ke damunsa ba ya buƙatarsa, kuma yawan shansa na sa ƙwayoyin cuta su daina jin magani.

Sayen kwamfutocin hannu shi ne mafi sauƙi a cikin aikin gaba ɗaya. Wani nazari da mujallar likitoci ta BMJ ta buga a 2005, wanda ya tattara gwaje-gwaje 70, ya nuna cewa tsarin ya fi yin tasiri idan shawarar tana zuwa da kanta a cikin aikin yau da kullum, a daidai lokacin da ake duba majinyaci, kuma tana faɗin abin da za a yi a fili. Ma'anar wannan ga asibitin da ke Rurum ko cikin garin Kibiya ita ce, idan aka bar jami'i yana cike rajistar takarda, yana kuma sake shigar da bayanan a na'ura, to da zarar damina ta kankama, zazzabin cizon sauro ya cika benci da yara, zai ajiye na'urar a aljihun tebur, kuma ba za a ga laifinsa ba. Dole hukuma ta yanke wace rajista za ta tsaya, ta haɗa manhajar da rumbun bayanan lafiya na ƙasa mai suna DHIS2, ta tanadi sola domin caji, ta kuma zaɓi manhajar da ke aiki ko babu sabis.

Abin da ya fi wannan nauyi shi ne ko shawarar za ta aiwatu. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini kafin a ba da maganin zazzabin cizon sauro, amma idan kayan gwajin sun ƙare, umarnin na'ura ba shi da amfani, haka nan idan ta ce a ba da amoksisilin alhali babu shi a ɗakin magani, iyaye kemis za su nufa su sayi abin da kuɗinsu ya kai. Idan kuwa ta ce a tura yaro Babban Asibitin Rano, ko a wuce da shi Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano a birni, maganar ta koma ta abin hawa da kuɗin mai da izinin maigida da halin da hanya ke ciki. Saboda haka karɓar tsarin aiki ne na Hukumar Kula da Lafiya Matakin Farko ta Jihar Kano da masu samar da magunguna da kwamitocin raya mazaɓu baki ɗaya, kuma kuɗin gyara da horarwa ya kamata su fito daga kasafi mai ɗorewa, irin asusun kula da lafiya na matakin farko da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa, domin tallafin ƙungiyoyin waje yana da wa'adi.

Akwai kuma batun wanda zai riƙa sabunta ƙa'idojin da ke cikin manhajar. Annobar mashaƙo da ta addabi Kano a 2023 ta nuna cewa ciwon maƙogwaro da aka saba ɗauka da sauƙi na iya zama abin gaggawa a cikin 'yan makonni, kuma yankin da ke maƙwabtaka da madatsar ruwa ta Tiga da gonakin rani yana buƙatar tambayoyi kan fitsarin jini, wato tsargiya, da wani yankin ba zai damu da su ba. Wannan na buƙatar kwamitin likitoci da jami'an lafiya na jihar da ke da ikon gyara manhajar da kansu, da masu sa ido da za su riƙa zagayawa suna zama da jami'i a ɗakin dubawa, suna sauraron dalilinsa a duk inda ya saɓa wa na'urar, tun da shi ne ya ga yaron da idonsa, kuma sa hannunsa ne ke kan katin.